Likkafanin Inna Batula

Anti Kamila, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina kuma ba na iya buɗe baki a gida. Shekaruna sha shida, a Kebbe nike. Ɗaki guda muke kwana da kakar babana, Inna Batula, wadda an ce ta haura ɗari. Haka danginsu suke, ƙanwarta ma tana nan Dogon Daji da ranta.

Kin san tsofaffi da son ajiye likkafaninsu. Sau uku ana sayo wa Inna nata. Na farko ɗanta ya sayo, wato kakana, da shi aka rufe shi. Na biyu Gwaggo Maimuna, ita ma haka. Na uku babana Sirajo ya kawo daga kasuwar Tambuwal, bara babur ya kayar da shi ya rasu. Ni na buɗe akwatin na miƙa yadin.

Yanzu mata na ta ƙus-ƙus a rijiya, wai Inna kwanan zuriyarta take ci. Kowa ya ƙi sayo na fuɗu. Ta sayar da tunkiyarta, ta ce ni zan je. Ko kallonta ban yi ba. Kwana tara ke nan ba ta shan furar da na dama, ita ce kuwa abincinta, sai ta juya fuska bango. A littattafan soyayyar da nake karantawa addu'ar kowa a tsufa tare, ni har mafarkin haka nake, amma ban taɓa ganin inda aka rubuta wanda ya tsufa shi kaɗai ba. Ina sonta wallahi. Ina kuma tsoron mutuwa. Mi zan yi?

Taku mai jin kunya, Kebbe

Ɗiyata, Allah ya jiƙan mahaifinki. Tsoronki ba abin dariya ba ne, duk wanda ya miƙa yadin nan da hannunsa dole gabansa ya faɗi.

Amma ki duba. In rasuwa ta faɗo gida, yadin da ke kusa ake ɗauka. Inna ta ba da nata ne saboda shi ke akwai, kyauta ta yi sau uku, aka mayar mata da ita zargi. Tsawon rai yakan bi dangi, shi ya sa ƙanwarta ke raye, kuma mata sun fi maza kaiwa can. Wadda ta kai ɗari kuwa, 'ya'yanta sun riga sun tsufa, kusan dole ta binne wasunsu. Kwanan wani ba ya komawa kan wani.

Abin gaggawa shi ne cikinta. Kwana tara ga mai shekarunta haɗari ne, gobe a kai ta asibiti. Ki gaya wa mahaifiyarki komai, a roƙi liman ya ja kunnen masu camfin. Sayen yadi ba lallai ke ba, wani babba ya je, in kin iya ki raka shi. Amma yau ki zauna gabanta ki ce tsoro kika ji, ba gudunta kika yi ba. Ina zaton shi take jira, ba yadin ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa ta cika da imani a hannun masu sonta.

Anti Kamila