Hannun Madugu Tanko

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hannatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da durƙuso irin wanda kika koya mini, ina fatan kina cikin hutun Ubangiji. Ni ce Rahila. Na zo Illela kamar yadda kika roƙe ni, garin da aka raba ki da shi tun kina ƙarama. Sai dai ba ki faɗa mini zai yi wuya haka ba.

Kin san shekarun da na yi ina koyon aikin likita a hannun Baturiyar mishan, ke kina dafa mana bandeji a tukunya. A nan babu mai kirana likita. Likitan gwamnati, wani Bature da ya zo rangadi daga Sakkwato, ya dubi takardata ya ce in tsaya ga karɓar haihuwa. Mutanen gari kuwa 'yar mishan suke ce mini. In na sha ruwa a gidan mutum, tun ban kai zaure ba nake jin ana ɗauraye ƙwaryar.

Ran wata kasuwa raƙumi ya ciji wani madugu, Tanko, mai fatauci tsakanin nan da Ƙonni, a hannu. Aka yi ta shafe-shafen magani, hannun ya kumbura, ya yi baƙi har gwiwar hannu. Da uwarsa ta aiko a kira ni, tun daga ƙofar gida na ji warin. Inna, kin san warin nan.

Na ce sai an cire hannun, in ba haka ba ba zai ga wata kasuwar ba. Har yau ina jin muryarsa cikin zazzaɓi: "Mi mace ta sani ga wuƙa, in ba yankan kuɓewa ba?" Ƙannensa suka cika zaure, ɗaya da takobi a kan cinya. Wakilin hakimi ya ja ni gefe, ya ce in mutumin nan ya mutu a hannuna, da kansa zai kai ni gaban Joji, alƙalin Turawa.

Tsohuwar ce ta ɗora kan ɗanta a cinyarta, ta yi ta yi masa magana a kunne, har ya juya fuska bango ya miƙo hannun. Na tuna abin da kike faɗa mini: "Ki gama jin tsoronki kafin ki wanke hannu." Ban gama ba, Inna. A haka na wanke. Na kira sunan Yesu a zuciyata, tsohuwa tana salati a fili, na shaƙa masa ɗan maganin barcin da ya rage mini, na yanka.

Ban fita gidan ba bayan nan, don ba a bar ni ba. Mai takobin yana bakin ƙofa. Duk nishin da Tanko ya yi sai in tashi in duba shi. Wata safiya ya buɗe ido, ya ce a dama masa fura.

Ya rayu, Innata. Bai gode mini ba, in mun haɗu a hanya ma sai ya ja riga ya rufe dungun. Labari ya kai Sakkwato, aka aiko aka kwashe wuƙaƙena da zarto, wai na yi aikin da ba a ba ni ba. Ran nan na yi kukan da rabona da shi tun ranar da muka binne ki.

Shekaranjiya da hantsi na ji an tsaya a ƙofata babu sallama. Tanko ne, ya rungumo 'yarsa da hannunsa ɗaya, jikinta kamar wuta. Ya shimfiɗe ta a tabarmata, bai dube ni ba, ya ce: "Ga ta." Tana nan gefena ina yi miki wannan rubutu. Zazzaɓin ya sauka, ɗazu har ta nemi ruwa.

Ubangiji ya tashi kafaɗar yarinyar nan, ya riƙe hannuna, ya kuma haɗa ni da ke a gaban Almasihu. Amin.

Taki har abada,
Rahila