Accar Obadiah

Fadan Kagoma, 12 ga Yuni, 1973

Zuwa ga Yaya Emilia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina gajiyar suna, ina jariri, ina maigidanki? Mu nan da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi.

Yaya, kin san mu goma sha biyu ne a ƙungiyar gayya, kowa da ranarsa, kuma bana ni ne na farko a layi. Saboda sunan ɗanki na ce wa abokina Obadiah ya ɗauki ranata, ni in koma tasa, ta tara. To, ina can Kafanchan ina cin shinkafarki aka yi ruwa, shi kaɗai ne ruwan kirki da muka gani bana. Washegari gayya ta faɗa gonar Obadiah, aka yafa masa acca a ƙasa mai laima. Kafin layi ya zo kaina ƙasa ta koma toka, haka muka yafa. Bayan kwana biyu hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mata har sun fito da tukwane, ashe iska ce. Ƙura ta tashi ja wur, da tsakar rana mutum ba ya ganin rumbunsa. Ta kwashe min iri har da ƙasar, ina jin mutanen Kwoi ta kai wa. Ta Obadiah kuwa ta riga ta kama ƙasa, ko gezau.

Yanzu in za ni rafi sai na zagaya ta bayan coci, don kada in bi gefen gonarsa. Kore shar, Yaya! Ruwana ya sha. Mutumin da ko garma ni na koya masa riƙewa! Ba zan ɓoye miki ba, in na hango ta zuciyata zafi take yi, abinci ma ba ya shiga.

Na sake yafa ɗan irin da ya rage. Ki sa mu cikin addu'a, yara uku ba wasa ba ne.

Ƙanenki,
Zamani

Kafanchan, 21 ga Yuni, 1973

Zamani ƙanena,

Na gaishe ka, na gai da matarka Clara da yara. Jariri lafiya lau, ga ci kamar kawunsa.

Wasiƙarka ta iso ta hannun Ƙasimu direba. Sannu da wahala, amma kada ka rataya wa ɗana laifi. Ka manta abin da ka faɗa a tsakar gidana ranar suna, da nama a bakinka? Ka ce ruwan farko ruwan ƙarya ne, wanda ya shuka da shi rana za ta ƙone masa iri, shi ya sa ka bar wa Obadiah ya ɗanɗana. Har tafawa kuka yi da mijina. Ai an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ka zo tashar jirgin ƙasa inda nake sayar da tuwo, ka ga waɗanda fari ya kora daga arewa. Jiya wata mata mai goyo ta roƙe ni ƙanzon tukunya, ta ce shanunsu duk sun faɗi a hanya. Kai kana da rafi, kana da rufin kanka, kana zagaye coci don ganye ya yi kore.

Na ba Ƙasimu ɗan buhun masara ya kawo wa Clara. Ubangiji ya kiyaye ku.

Yayarka,
Emilia

Fadan Kagoma, 17 ga Satumba, 1973

Yaya Emilia,

Ina gaisuwa, kuma mun gode da masara, ta kai mu har Agusta. Shirun da na yi, faɗanki ne bai sake ni ba.

Ruwa ya ɗauke tun farkon watan nan. Accata ta fito jefi-jefi kamar gemun ɗan akuya. Ta Obadiah ta nuna, ta sunkuya don nauyi. Mutane har tsayawa suke yi kallo. Fasto ma ya sa shi cikin wa'azi, wai mai shuka da bangaskiya. Bangaskiyar me? Ranata ce! Abin da ya ƙarasa ni, Clara ta dawo daga Zumuntar Mata tana cewa, “Lai'atu matar Obadiah ta ji daɗi bana.” A gaban yarana fa.

To, jiya bayan sujada muka yi miting na layin yanka. Na tashi na ce musanyar da muka yi ta shuka ce kawai, ba wanda ya ambaci yanka. Don haka ni ne na farko, shi na tara. Obadiah ya ce, “Zamani, ka san acca ba ta jira, in ta bushe zubewa take yi. Ka ba ni kwana ɗaya.” Na ce layi layi ne. Dattawa suka duba, suka ce gaskiyata. Ya kalle ni, ya sa hularsa ya fita.

Yau da safe mutum goma sha biyu suka yanke tawa kafin kunu ya huce, shi ma da laujensa a ciki. Bari ya ji yadda jira yake.

Ƙanenki,
Zamani

Kafanchan, 20 ga Satumba, 1973

Zamani,

Gaisuwa a taƙaice, Ƙasimu ya riga ya tada mota.

Wayyo, me ka yi? A watan Agusta Obadiah ya kawo mamarsa asibiti, ya sauka a gidana. Ya ce min tunda ranarka ce ta ba shi ruwa, daga itacen ɗorawa zuwa rafi duk naka ne, rabin gonar cif. Ya roƙe ni in yi shiru, domin ka san iyayenmu ba su kyautar da abin da ke tsaye a gona, sai an yanka an ɗaure. Na riƙe masa amana, ga shi na karya ta saboda kai.

Abincin yaranka ne ka bari a rana. Ka ajiye takardar nan ka tafi wurin dattawa yau ɗin nan, ka ce gayya ta shiga gonarsa. Ina roƙonka don Allah.

Yayarka,
Emilia

Fadan Kagoma, 25 ga Satumba, 1973

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zan yi miki ƙarya ba, wasiƙarki ta same ni ranar Asabar da hantsi, da sauran lokaci. Na karanta, maimakon in ji kunya sai na ji wani sabon zafi. Wato ga acca, ga yabon Fasto, kuma shi ne zai zama mai bayarwa, ni mai miƙa hannu? Na ce bari sai Litinin.

Lahadi da la'asar iskar ta dawo, ba ɗigon ruwa ko ɗaya. Ta ɗage kwanon coci, ta karya ɗorawar. Da ta lafa na je gonar Obadiah, karo na farko tun Yuni. Kara ne tsaye, ba ƙwaya. Obadiah da Lai'atu suna durƙushe da tsintsiya suna sharar ƙasa. Ban iya ƙarasawa ba, na juya.

Clara ta ga wasiƙarki.

Zamani

Fadan Kagoma, 29 ga Satumba, 1973

Zuwa ga Zamani,

Salama cikin Ubangiji. Na rubuta ne domin ƙafata ta ƙi zuwa ƙofarka.

Abin da muka share, acca da yashi, kwando biyu ne. Ɗaya na yaranka ne, su ba su zauna a miting ba. Ka turo Clara da faifai, Lai'atu za ta taya ta rairaya.

Kai kada ka zo tukuna.

Ni ne,
Obadiah