Tulun Inna a Bangon Zaure

Zuwa ga Yayana Sabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Khairunnisa da yara, da fatan kuma ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Mu nan Daura lafiya lau, sai kewar Baba da har yanzu ba ta sake mu ba. An yi addu'ar arba'in ranar Juma'a, jama'a sun zo har daga Mashi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Sau uku kana cewa in ɗauko maka hoton bangon zaure a waya, ni kuma ina ta yi maka hanya-hanya, yau in ce babu caji, gobe in ce babu sabis. Ƙarya nake yi, Yaya. Bakina ne ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san zanen da Baba ya yi shekarar da Inna ta rasu, ina da shekara biyu: tafkin garinsu Babban Mutum, da giginyu uku, da kukar bakin hanya, balbelu a kan shanu, kura tana leƙen Gizo a bayan suri, macijin Kusugu can gefe, sai mace ɗauke da tulu ta juyo rabin fuska, wato Inna. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Kai ka san ta. Ni a bangon nan na san tana da dogon wuya irin nawa.

Kwana tara kafin rasuwarsa, ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna. Ya ce tun da ya ji wa'azin cewa ranar gobe ƙiyama za a ce wa mai zane ya hura rai a abin da ya zana, hankalinsa bai kwanta ba. Motocin da ya yi wa zanen zakuna da dawisu sun watsu a duniya, ba yadda zai yi da su, amma bangon gidansa yana da iko da shi. Ya ce in shafe duk mai rai, itatuwa da ruwa in bar su. Na tambaye shi ko har da Inna. Ya ce har da ita, kuma kada in ajiye a waya. Ban gaya maka da ka zo gaisuwa ba don na san halinka, da ka tsaya a gaban bangon ka ce sai dai a bi ta kanka.

Kawu Maliki ya ce malamai sun saɓa a kan maganar, amma wasiyya wasiyya ce, in na kasa zai turo mai fenti. Na ce bare ba zai taɓa ta ba. Ranar Asabar da hantsi na buɗe gwangwanayen Baba, na haɗa kala yadda ya koya mana. Na fara da macijin nan da kake tsorata ni da shi. Balbelu suka koma gajimare, shanu suka koma ciyawa, Gizo ya shige suri. Har azahar ina kewaye Inna. Da na daure, daga ƙafa na fara don fuskar ta zama ta ƙarshe. Na yi kuka har na daina ganin burushin.

Da na kai kan tulun sai na tsaya. Tulu ba shi da rai, Yaya, kuma Baba bai ce a shafe shi ba.

Ka yafe mini da na yi ban shawarce ka ba. Goggo Larai tana gaishe ka, haka ma Ikilima. Ka gaishe mini da Anti, ka shafa mini kan Mardiyya. In Allah Ya kawo ka da Sallah, kada ka firgita in ka shigo zaure. Za ka ga tulu tsaye a iska a bakin tafki, ba kowa a ƙarƙashinsa. Yana nan daidai tsayinta.

Ƙanwarka mai kewarka,
Siddiƙa