Rariyar Rabi a cikin kiɗan Auta

Alhamis da dare, Agiye, ana ta hayaniyar zaɓe

Yau raina a ɓace yake, kuma ɗana Auta ne ya ja mini. Da ya zo daga Yamai kwanaki, ya aje wata 'yar na'ura gefen turmi ina daka, wai ƙarar taɓarya yake so ya sa a kiɗinsu, jaz ne ko mi. Ni kuwa in ina daka bakina ba ya shiru. Sai na rera wa Rabi maƙwabciyata habaici, mai aron rariya ba ta maidowa. Waƙar daka ai da an kwashe gari ta wuce, kowa ya san haka.

Ashe ya haɗa da ita. Na ji abin a wayar ƙanwata: ƙaho na kuka, wata ƙara kamar iska cikin rijiya, sai muryata tana maimaita "Rabi, rariya, Rabi, rariya" ba iyaka. Har kasuwar Gangara an ji.

Na kira shi, wai "Inna, nan ne ya fi daɗi, har Turawa sun yaba." Na ce Turawa ne sunka yanke maka cibiya ko Rabi?

Da la'asar Rabi ta aiko da rariyar, an wanke ta tas, ko gaisuwa babu. Shekara da shekaru muna cin tuwon juna.

Gobe da safe zan tafi aron gishiri wurinta da kaina, ko da yake tulin nawa na nan cikin ɗaki. In ta ba ni, to da sauran zama.