Roƙo Kan Katun ɗin Japan da Aka Hana Ɗana

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa ta girmamawa, da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi, kuma iyalinka da nawa kowa yana lafiya. Ka lura da kyau, wannan rubutun hannuna ne, na daina neman mai rubuta mini.

Ni lafiya nake. Tsayuwar wurin wankin motoci tana kumbura mini ƙafafu, amma ba sai Inna ta ji ba.

Na sami labarin ka hana babban ɗana kallon katun ɗin Japan, wai shirme ne. Ban yanke hukunci da ka ba, sai da na bincika. Wani direba da muke ɗaki ɗaya ya sa mini su a wayarsa. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoton ta fi karatuna gudu, sai in tsayar in haɗa baƙi, har ya ce, "Malam, kallo kake ko hadda? Cajina fa!" Akwai wani katun na masu takubba, ihu ya yi yawa a cikinsa. Amma na yarinyar da ke koyon gyaran jirgin ruwa wurin kakanta, na shaida akwai tarbiyya a ciki.

Gaskiyar magana, in na kira, yaron nan "lafiya lau" kawai yake cewa, ya miƙa wa uwarsa wayar. Ranar da na ambaci jirgin nan kuwa, mun yi hira har kunnena ya yi zafi, yana ta gyara mini sunaye.

Don Allah, Yaya, ka mayar masa da kallonsa. Ba ni da wata hirar da yake so sai ita.

Ƙaninka mai biyayya.