Saniya Ba Tozo

Daren Alhamis, Wanke, kakar 1998

Da laka a hannuna nake rubutun nan. Jiya shanu suka shiga gonarmu suka cinye dawar da muke shirin yanka. Da la'asar aka tabbatar garken Buba ne. Buban da muka tashi tare, muna gina shanun laka a bakin rafi, mu soka musu ƙaya ta zama ƙaho.

Ƙanena Sani sai huci yake. "Yaya, mi kake jira? Da asuba za mu rugar su Buba, ko da kai ko ba kai." Na ga ya jingine sanda a bayan ƙofa. Na ce ya bari in fara zuwa ni kaɗai. Ya juya ya shige ɗakinsa.

Ni ma raina a ɓace yake, wallahi, abincin shekara ne. Na kasa cin tuwo, na zauna gindin randa ina murza laka, ina gina saniya. Ƙafafu sun fito, ƙaho ya zauna, bayan ya ƙi. Sai na tuna ban taɓa iya tozo ba. Kullum Buba nake miƙa wa ya ɗora mini.

Allah ya sa in riga Sani fita. Saniyar lakar nan zan riƙe, ba sanda ba.