Yatsun Auta

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya mutanen gida?

Bayan haka, kafin Auta ya iso miki da hannu a ɗaure, gara ki ji daga bakina. Ni na karya masa yatsu, da sifana, a ɗakin gwajinmu.

Kin san na'urar da muke duba ragowar maganin ƙwari a hatsi da ita. Iska ce take kwasar abin gwajin ta bi da shi ta wani siririn bututu da ke naɗe a cikin tanda. Iskar kuwa haidurojin ce, ba ta ga maciji da wuta. Tun safe gudunta ke raguwa, sakamako na fitowa a makare. Auta, sarkin gaggawa, ya ƙara mata matsi, ya sake ƙarawa, na'ura ta yi kukan gargaɗi ya kashe kukan. Ina shigowa na dubi allon na'urar: iska na barin silindar da muke ajiye ta amma ba ta isa ƙarshen bututu. To ina take zuwa? In bututun ya karye, a cikin tanda take taruwa. Shi kuwa hannunsa na kan maɓallin kunna tandar.

Inna, na taɓa gani da idona. A tsohon wurin aikina iskar nan ta kama wuta, ƙofar tanda ta tashi ta daki fuskar abokin aikina, ni na tsince haƙoransa a ƙarƙashin tebur. Don haka ban tsaya kira ba, na sauke masa sifanar da ke hannuna a kan yatsu. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya kurma ihu, ya rarumi kwalba da hagu ya rotsa min a goshi, muka zube cikin fasassun gilasai muna dambe, jini na shiga min ido, sai da mai gadi ya raba mu. Da rarrafe na je na rufe silindar.

An ɗinke min goshi. Shi ko kallona ba ya yi. Ki sa mana albarka.

Ɗanki,
Yayan Auta

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa. Da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Yaya jikin Auta?

Saƙonki ya iso. Kin ce amana kika ba ni na mayar miki da nakasasshe. Na haɗiye.

Yau na buɗe tandar. Bututu lafiya lau yake, Inna. Wata 'yar roba ce a bakin da muke soka allurar zuba abin gwaji, ba ta kai maɓallin riga ba, ta tsufa ta huje, iska na zirarewa waje. Ko da ya kunna, babu abin da zai faru. Na sauya ta, gudun iska ya daidaita, sakamako ya fito a kan lokaci, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Shugabanmu yana ta yabona wai na ceci ginin. Gobe zan kai masa robar. Ke ma ki karanta wa Auta wannan, haƙƙinsa ne ya sani. Likita ya gaya min yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba, kuma da su yake riƙe allura.

Ki roƙa min gafararsa. Amma ba zan yi miki ƙarya ba: in na sake ganin allo haka, hannunsa kuma a kan maɓallin nan, zan sake sauke sifanar.

Ɗanki,
Yayan Auta